Motar Da Ba a Zo Ɗauka Ba

Yammacin da abin ya fara, tuwon shinkafa Murja ta tuƙa, ta kaɗa miya da ragowar kukar da aka aiko mata daga garinsu Gumel. Rana ta yi ja ta kwanta a kan katangar tasha. Motocin da suka wuni a filin duk an kwashe su, ba ka jin komai sai iska tana tura ledoji a kan kwalta.

Tashar tana can ƙarshen Madinat Nasr, inda gidajen bene suke ƙarewa rairayi ya karɓa. Aikinta ɗaya ne. Mutanen sababbin unguwannin bayan gari su zo da safe su ajiye motocinsu, su shiga bas ya kai su cikin Alƙahira, da yamma ya dawo da su kowa ya ɗauki tasa. Mijin Murja, Malam Harun, shi ne mai gadin wurin. Karatu ya kawo shi Masar shekara goma sha tara da suka wuce, karatun ya ƙi, gadi ya karɓe shi hannu bibbiyu. A kusurwar filin kamfani ya ba su ɗaki biyu da rumfar kwano, nan aka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Fauziyya, wadda a lokacin take da shekara goma sha bakwai.

Murja tana da wata ɗabi'a da ta ɗauko a gidan uwarta. Ba ta kwashe tuwo ba ta ware malmalar baƙo ba. To wane baƙo ne zai biyo rairayi ya zo cin tuwo a bakin Alƙahira? Oho. Ita dai sai ta ware, ta rufe da faifai, in gari ya waye a yi ɗumame. Fauziyya kuwa, mai bakin tsiya, ta mai da abin wasa. Ranar ma haka ta tsaya a bakin rumfa, ta kewaye baki da tafin hannu, ta kwaɗa wa filin kira.

"Jama'a, Umma ta sauke! Duk wanda aka manta da shi a tashar nan ya zo ya ci tuwo!"

"Ke, rufe mini baki, magariba ce," in ji Murja.

Ba ta gama rufe nata ba, wata mota ta yi oda sau biyu daga gindin katanga.

Mota ɗaya ce tal ta rage a filin, kuma dukansu sun san ta. Tsohuwar Fiyat ce ruwan toka, a gurbi mai lamba goma sha tara. Mai ita wani dattijon akawu ne, Ustaz Hussain, wanda bai taɓa aure ba. Shekara huɗu yana ajiye ta nan. Kullum in ya kulle ƙofa sai ya bubbuga rufinta sau biyu, ya ce da Larabcinsu, "Jira ni nan, ina dawowa." Direbobi suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Ranar wata Laraba a watan Agustan 2013, ranar da garin ya hargitse aka wuni ana jin harbi, ya ajiye ta kamar kullum ya shiga bas. Cikin kwana uku kowa ya lallaɓo ya ɗauki tasa, ban da shi. Malam Harun ya kira lambar wayar da ya bari, wata tsohuwa ta ɗauka, ta ce ita ce Amna, yayarsa. Ta ce Hussain ya rasu tun ranar a kan hanya, an binne shi a maƙabartar gindin dutsen Muƙaɗɗam, ita kuma ba ta da wanda zai zo ɗaukar mota. Suka yi salati, suka yi masa addu'a, magana ta wuce. Mako uku ke nan motar tana shan ƙura.

"Wayar wutar motar ce ta haɗu," in ji Malam Harun, amma bai tashi ya duba ba.

Da asuba Murja ta buɗe faifai, ba malmala. An cinye tas, an wanke kwanon, an kife shi a gefen randa. Ta daɗe tana kallon kwanon nan. Kyanwa dai ba ta wanke kwano.

Kashegari, rana tana faɗuwa, tsakuwa ta fara sauka a kan rumfar. Ba jifan yara ba ne mai garaje. Ɗaya za ta faɗo, a yi shiru har ka saki ranka, sannan wata ta biyo. Malam Harun ya zaga bayan katanga da sanda, ba kowa sai rairayi shimfiɗe, ko sawun kare babu. Rana ta uku rediyon Fiyat ɗin ya kunna kansa, karatun Alƙur'ani yana fitowa ƙasa-ƙasa ta gilasan da suke a rufe, alhali batirin motar ya daɗe da mutuwa. Fauziyya ta daina tsokana. Ta daina cin abinci sai an matsa mata, ta koma zama a bakin rumfa tana ƙirga masu saukowa daga bas da ido, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya wuce.

A kwanakin akwai dokar hana fita. Bas na ƙarshe yana sauke mutane gab da magariba, ya juya ba kowa a ciki ya koma garejin kamfani a tsakiyar gari, ba ya dawowa sai da safe. Ko da hukuma ta sassauta lokacin dokar, kamfanin bai sassauta ba, tsoro ya riga ya shige su. Tsakanin tasha da gareji kuwa shingayen sojoji ne jere, masu tambaya da bakin bindiga.

Rana ta huɗu Murja ta ɗago kai daga wanke-wanke ta hangi Fauziyya ba takalmi, ba mayafi, ƙafarta ɗaya a kan matakin bas ɗin. Yadda ta tsallake filin nan ita ma ba ta sani ba. Ta cafko rigar yarinyar ta fizgo ta, suka zube tare a kan kwalta. Fauziyya ta juyo ta dube ta da idanun da ba su san ta ba, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito da Larabcin ƙauyukan kudu wanda yarinyar ba ta taɓa koya ba.

"Sake ni. Na makara."

Murja ta ji tsoro, wallahi ta ji. Amma ba ta sake ba. Abin da ta gani a fili yake. In yarinyar nan ta shiga bas ɗin nan, baƙar fata, ba takarda, ba hankalinta a jikinta, ta faɗa cikin Alƙahira ana dokar hana fita, to sun rabu da ita ke nan.

Malam Harun ya ce su tattara su koma unguwar Abbasiya a cikin gari wajen ɗalibai 'yan gida, kafin Allah ya kawo sauƙi.

"Mu koma ina, Malam? Abin yana jikin 'yarka, ka ce mu gudu? In mun gudu a baya za mu bar ta? A ɗakin nan na yi naƙudarta ni kaɗai kana wajen neman tasi. Ba wanda ya isa ya tashe ni, mutum ne ko aljan."

Daga ranar, da la'asar ta yi sanyi sai Murja ta ɗaure wuyan hannun Fauziyya da gefen zanenta, ta zauna a ƙofar ɗaki ta tokare ƙafa da dokin ƙofa. Bas ya zo, yarinya ta miƙe, a yi ta ja. Kullum ƙarfin ƙaruwa yake. Zane biyu suka yage, hannun Murja ya kumbura har ba ta iya riƙe muciya. Ɗalibai uku suka zo daga Abbasiya za su yi ruƙiyya, samari masu sabon gemu da zafin kai. Suka fara karatu, tsohuwar muryar nan ta bi su tana karantawa, har ta gyara wa ɗaya inda ya tsallake aya. Suka sha shayi suka tafi jiki a sanyaye, amma sun yi abin kirki ɗaya, sun ba da sunan Malama Mahasin.

Malama Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, 'yar garin Mai Wurno, mahaddaciya, ta tsufa tana koyar da mata karatu a Abbasiya. Ranar Alhamis, kwana goma sha ɗaya da fara abin, ta sauko daga bas da la'asar tana dogara lema. Ba ta zo da tarkace ba, sai carbi da gorar ruwa. Ta zauna a tabarma ta yi ta tambaya kamar alƙali, me aka ci, wa ya ce me, wa ya amsa. Da aka zo kan kiran tuwo sai ta girgiza kai.

"Ashe ba kutse ta yi ba, gayyata aka yi mata. To ma'alish, ba komai. Wanda aka kira da baki, da baki ake sallamarsa."

Rana ta sunkuya. Inuwar katanga ta miƙo ta rufe Fiyat ɗin, ta rarrafo har bakin rumfa. Iska ta ɗauke. Can sai ga ƙugin bas na ƙarshe, ya shigo ya sauke mutanensa, suka watse. Malam Harun ya je ya roƙi direban ya ɗan dakata. Direban ya dubi agogo, ya dubi sama, ya ce minti goma, ko daƙiƙa ba zai ƙara ba. Fauziyya ta miƙe tsaye, zane ya ɗame a hannun uwarta. Malama ta fara karatu a hankali, ba ihu, ba duka, tana yayyafa ruwa a ƙafafun yarinyar har ta durƙusa.

"Assalamu alaikum. Wace ce ke?" in ji Malama.

"Wa alaikumus salam. Baƙuwarku ce. An kira, na amsa."

"Haƙƙin baƙo kwana uku ne. Yau kwananki goma sha ɗaya."

"Ba zama na zo yi ba," in ji muryar. "Aron ƙafa nake nema."

Sai ta ba da labarinta, da bakin Fauziyya, idanun yarinyar a kafe. Ta ce ita aljana ce, tun zamanin kakar Hussain take zaune a gidansu na ƙauye, Musulma ce, ba ta taɓa cutar da kowa ba. Da aka rushe gidan ta rasa wurin zama, Hussain ya san da ita, ya ce ta shiga motarsa. Shekara talatin suna tare. In ya ce ta jira, takan jira, domin alkawari ne tsakaninsu ba za ta bar inda ya ajiye ta ba sai ya dawo. Yanzu ya daɗe. Ita ba ta da ikon ƙetare ƙofar tasha da kanta, amma in tana kan yarinyar, ai yarinyar ce ta fita ba ita ba.

"Dare ɗaya kawai. In nemo shi, in dawo muku da ita."

"Ko taku ɗaya," in ji Murja.

Malama ta ɗaga mata hannu ta yi shiru, amma aljanar ta riga ta juyo da fuskar Fauziyya wajenta.

"Ke Murja, ai ke ya kamata ki gane. Ke ma ajiye ki aka yi a filin nan. Shekara huɗu aka ce miki, yau sha tara. Uwarki ta mutu ba ki gan ta ba. Ba ni aron yarinyar, ni kuma in buɗe wa mijinki kai ya gama karatunsa, ki koma garinku kafin baɗi."

Malam Harun ya sunkuyar da kai. Maganar ta sami Murja inda yake mata ciwo, har hawaye ya kawo. Ta share da bayan hannun nan mai kumburi.

"Gaskiya kika faɗa, na jira, kuma ya ci mini rai. Amma ni da ƙafata na jira, ban ari ta 'yar wani ba. Riƙe Gumel ɗinki. Ko Makka za ki kai ni a kafaɗa, ba na ba da ita."

Direba ya danna oda a bakin ƙofa. A nan ne abin ya faɗo wa Murja, ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta, ya kama baki. Kowa a tashar ya ji rasuwar Ustaz Hussain, direbobi sun ji, mai shayi ya ji. Wadda take jiransa ce kaɗai ba wanda ya gaya wa. Sun yi wata guda suna wuce ta da tsintsiya.

Malama ta gane. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "A hankali, 'yar nan. In ta ji shi da zafi tana iya karya yarinyar. Bari in ɗaure ta da karatu tukuna."

"Malama, ki yi karatunki. Amma mutuwa ba a ɓoye wa mai ita."

Murja ta durƙusa gaban 'yarta, ta riƙe kafaɗunta da hannu biyu, ta dubi baƙin idanun nan.

"Baiwar Allah, wanda kike jira ba zai dawo ba. Hussain ya rasu tun ranar da ya ajiye ki. Yana kwance a gindin Muƙaɗɗam."

Sannan tsakuwa ta zubo a kan rumfar gaba ɗaya kamar an juye tifa, gilashin gaban Fiyat ɗin ya tsage daga sama har ƙasa, bakin Fauziyya ya buɗe da wani kuka mai tsawo wanda ba na ƙirjin yarinya ba. Jikinta ya sandare ya lanƙwashe baya. Malama ta ɗaga murya da karatu, Malam Harun yana salati, Murja kuwa ta rungume ta ƙam, ta manna kanta a ƙirjinta, ta ƙi saki har kukan ya gaji ya koma shessheƙa.

"Sannu da haƙuri," in ji Murja, kamar yadda ake yi a gidan makoki. "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutumin kirki ne, bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Mu muka yi laifi da ba mu gaya miki ba, ki yafe mana."

"Amin," in ji muryar, a dishe.

"Alkawarin jira ya faɗi da mutuwar mai shi," in ji Malama. "Ba abin da ya ɗaure ki yanzu. Ƙofa a buɗe take."

"To yarinyar ta kai ni kabarinsa. Daga nan in sake ta. Ban san garin ba, ban taɓa tafiya ni kaɗai ba."

Kai, jama'a, ka ga baƙo da naci! Murja ta miƙe tsaye, ta kwance zanen da ya haɗa hannunta da na Fauziyya, ta yar da shi ƙasa. Malam Harun ya zabura, ta dakatar da shi da ido. Ta nuna bas da yatsa.

"Na yi miki ta'aziyya, kin ci tuwona, kin wanke kwano, na gode. Amma kukanki bai saya miki 'yata ba. Shekara huɗu kina filin nan, kin ga yadda ake yi. Kowa ya zo, abin da ya ɗauko shi yake ajiyewa, ya shiga bas da ƙafarsa. Manyan ma'aikata haka suke yi, Hussain ma haka ya yi kullum. Ga bas can, ta gindin Muƙaɗɗam yake bi. Ajiye mini 'yata a nan ki tafi."

Ba abin da yake riƙe da yarinyar yanzu, ga ƙofar bas a buɗe, taku ashirin tsakani. Fauziyya ta miƙe. Ta yi taku ɗaya. Murja ba ta motsa ba, ta dai tsaya a gabanta, ƙirji da ƙirji.

"Ke mace ce mai taurin kai," in ji muryar.

"Haka uwata ta ce."

Malama ta sa ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan cewa ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ba za ta taɓa kowa na gidan ba. Ta rantse sau uku. Ta roƙi abu ɗaya, a riƙa share wa motar ƙura har a zo ɗaukarta, Malam Harun ya ce ya ɗauka. Sai Fauziyya ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa, ta sulale a hannun uwarta.

Su uku suna kallo, ƙura ta ɗan tashi a kan kwalta, ta miƙe daga bakin rumfa zuwa ƙofar bas. Bas ɗin ya ɗan risina ta gefen mataki kamar yadda yake yi in mai jiki ya taka. Direban ya leƙo ya ce, "Khalas?" Malam Harun ya ce masa khalas, an gama, yalla, ya kama hanya. Washegari direban ya rantse musu cewa daidai katangar maƙabarta aka buga masa ƙararrawar sauka, shi kaɗai a mota, ya tsaya ya buɗe ƙofa bai waiwaya ba.

Amma wannan labarin safe ne. A yammacin dai, ana kiran sallah daga wani masallaci mai nisa, Fauziyya ta buɗe ido a cinyar uwarta. Ta dubi tsakuwar da ta cika tsakar gida, ta dubi baƙuwar tsohuwa mai carbi, ta dubi hannun Murja.

"Umma, me ya sami hannunki?" Muryarta ce, tata ta kanta. "Wallahi yunwa nake ji."

Murja ta miƙa hannu. Ta jawo kwanon da ta ware, don ko ranar ba ta fasa warewa ba, ta ɗage faifan, ta tura malmalar gaban 'yarta.

"Wannan ai ta baƙo ce, Umma."

"Ci," in ji Murja, sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. "Kwana goma sha ɗaya ba kya gida."